Darasin Kimiyya: Yadda Bankin Abinci Yake Tara Kaya da Raba Su

Ɗalibai, ku fara da rubuta waɗannan lambobi biyu. A shekarar 2022, bisa ƙiyasin Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, abincin da aka zubar a gidaje da wuraren cin abinci da kantuna ya kai tan biliyan 1.05, wato kashi 19 cikin 100 na abin da ya iso inda mai saye zai iya samunsa. A shekarar 2023 kuma, hukumomin majalisar sun ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 733 ne suka yi fama da yunwa. Bankin abinci dabara ce ta kwaso wani yanki na abincin da ke hanyar bola, a kai shi ga wasu daga cikin masu yunwar kafin ya lalace. Tausayi ne ya haifi wannan aiki, babu musu. Amma abin da ke riƙe da shi kullum shi ne ma'aunin zafi da sikeli da kalanda, kuma nan ne darasinmu zai fi tsayawa.

Mene ne bankin abinci?

Babban sito ne na ƙungiyar da ba ta neman riba, inda ake tara abinci, a tantance shi, a adana, a raba. A tsarin Amurka, inda aka fara abin, mabuƙaci ba kasafai yake zuwa siton da kansa ba. Bankin kamar ɗan sari yake, ƙananan ƙungiyoyin unguwa su ne 'yan kirinsa: coci, masallaci, makaranta, gidan tsofaffi, wurin dafa abincin sadaka. Su ne suka san mutanen unguwa, su ne suke miƙa kaya hannu da hannu.

An buɗe na farko a 1967 a birnin Phoenix na jihar Arizona. Wanda ya kafa shi, John van Hengel, ɗan sa-kai ne a wani wurin ciyar da marasa galihu, yana bin gidajen mutane yana tsinko lemon da ya yi musu yawa a bishiya. Wata uwa mai 'ya'ya da yawa ta gaya masa cewa da abin da take tsinta a bolar kantuna take ciyar da gidanta, kuma abincin lafiyarsa lau. Cocin St. Mary's ta ba shi wani tsohon gini, a shekarar farko ya raba fiye da tan 100. Kanada ta buɗe nata a Edmonton a 1981, Faransa a 1984. Gamayyar bankunan Amurka, wadda tun 2008 ake kira Feeding America, tana da bankuna kusan 200 masu aiki da wuraren rabo wajen 60,000. Afirka ma akwai su: Masar, Afirka ta Kudu, Gana, da Lagos Food Bank Initiative a Legas.

Daga ina abincin yake fitowa?

Tushe na farko gona ce. Manyan kantunan Turai da Amurka suna da ƙa'ida kan girman kaya da siffarsu, saboda haka karas ɗin da ya karkace ko dankalin da ya yi ƙanƙanta sai a ƙi saye, alhali a ciki babu abin da ya bambanta shi da mai kyan gani. Wani lokaci kuma farashi ne ke faɗuwa har kuɗin girbi ya fi kuɗin kaya, manomi ya bar amfanin a gona. Bankin sai ya aika 'yan sa-kai su yi kala, ko ya biya manomi kuɗin girbi da na buhu da na mota kawai.

Sai masana'antu. Inji ya buga rubutun kwali ba daidai ba, ko an canza fasalin mazubi, ko an yi kaya sun fi buƙatar kasuwa. Abin da ke ciki bai canza ba, amma kamfani ba zai iya sayar da shi yadda ya saba ba. Irin wannan kyauta tirela-tirela take zuwa. Daga kantuna kuwa kullum motar banki ke zagayawa tana ɗaukar burodin jiya, madarar da kwananta ya kusa cika, da kayan lambun da suka fara yaushi.

Akwai gwamnati. A Amurka ma'aikatar noma tana sayen abinci daga manoman ƙasar ta raba wa jihohi gwargwadon yawan matalauta da marasa aikin yi, jihohi su miƙa wa bankuna. Shirin ya faro ne a 1981 da rarar cuku da ta cika rumbunan gwamnati. Akwai kuma jama'ar gari. A Faransa, ƙarshen makon ƙarshe na Nuwamba 'yan sa-kai suna tsayawa a bakin kantuna suna karɓar abin da masu cefane suka ƙara domin sadaka. Sai dai duk ma'aikacin banki zai gaya muku kuɗi sun fi masa gwangwani amfani, domin yana sayen kaya a farashin sari, kuma ya sayi abin da ya rasa, maimakon abin da mai bayarwa ya ga dama.

Doka ma tana da hannu. Kamfani na tsoron ya ba da abinci wani ya ci ya kwanta, a maka shi kotu. Dokar Bill Emerson ta 1996 a Amurka ta kare wanda ya bayar da kyakkyawar niyya, sai in an tabbatar ya yi mummunan sakaci. Faransa ta bi ta wata hanya: a 2016 ta hana kantunan da faɗinsu ya wuce murabba'in mita 400 lalata abincin da bai ɓaci ba, ta wajabta musu ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji.

A bakin ƙofar sito

Kowane kaya da ya shigo sai an ɗora shi a sikeli, an rubuta daga inda ya fito da lambar rukuninsa. Amfanin wannan rubutu yana fitowa ne ranar da kamfani ya sanar cewa wani rukuni na kayansa ya gurɓata: cikin sa'o'i za a gano unguwannin da aka kai shi. In kayan sanyi ne, ana auna zafinsu tun suna cikin mota. Wanda ya wuce ƙa'ida, komai kyansa a ido, ba a sauke shi.

Daga nan sai duba kwanan wata, kuma a nan mutane da yawa suke rikicewa. Rubutu iri biyu ake bugawa a jikin kaya. Wanda ya ce "Use by" magana ce ta lafiya, ana sa shi a ɗanyen nama da kifi da makamantansu, in ranar ta wuce ba a rabawa. Wanda ya ce "Best before" magana ce ta daɗi da ƙamshi. Taliya ko shinkafa ko biskit da suka wuce wannan rana galibi ba su cutarwa, muddin mazubin bai huje ba kuma an ajiye su a busasshen wuri. Bankuna da yawa suna da jadawalin kwanakin da kowane irin kaya zai iya ƙarawa. Madarar jarirai ba a yi mata wannan sassauci, domin sinadaran gina jikinta suna raguwa, jariri kuwa ba shi da wani abincin da zai cike giɓin.

Gwangwani yana da tasa dokar. Ɗan lotsawa a tsakiya ba komai. Amma wanda ya kumbura, ko yake ɗiga, ko ya lotse a kan ɗinkin baki, bola ne wurinsa. Dalili kuwa, cikin gwangwani babu iska, kuma akwai wata bakteriya mai suna Clostridium botulinum da ta fi son inda babu iskar oksijin. Gubar da take fitarwa tana cikin mafi ƙarfin gubobin da aka sani, tana shanye jijiyoyi har numfashi ya tsaya. Ba a ɗanɗana irin wannan abinci don a gwada.

Abin da ke ɓata abinci

Ku nutsu a nan, domin shi ne zuciyar darasin. Abubuwa uku ne mai sito yake gasa da su: ƙananan halittun da ido ba ya gani, numfashin kayan lambu, da ƙwari.

Bakteriya tana hayayyafa ta hanyar rabuwa biyu. In ta sami ɗumi da danshi da abinci, wasu nau'o'in suna ninka kansu duk minti 20. Mu yi lissafi. Ƙwaya ɗaya, bayan sa'a ɗaya ta zama 8. Bayan sa'a biyu, 64. Bayan huɗu, 4,096. Bayan bakwai, 2,097,152. To ku tuna ba da ƙwaya ɗaya ake farawa ba. In cokalin miya yana ɗauke da 100, bayan sa'a huɗu sun haura 400,000, kuma mai yiwuwa ne miyar ba ta canza wari ko launi ba. Ƙwayoyin da ke sa abinci tsami daban, masu sa amai da gudawa daban, shi ya sa hanci ba abin dogaro ba ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe abinci ƙasa da digiri 5 ko sama da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, kuma kada dafaffen abinci ya wuce sa'a biyu a zafin ɗaki. Tsakanin 5 da 60 nan ne filin wasan bakteriya. Firji yana rage mata sauri, firiza a digiri 18 ƙasa da sifili tana tsayar da ita, amma sanyi ba ya kashe ta. Da kaya sun narke za ta ci gaba daga inda ta tsaya. Saboda haka bankin da ke karɓar nama da madara dole sanyin ya kasance bai yanke ba tun daga firjin kanti, zuwa mota mai sanyi, zuwa ɗakin sanyi na sito, zuwa firjin wurin rabo. In ya yanke a wuri guda, wahalar sauran ta tafi a banza.

Dafaffen abinci ya fi komai wuyar sha'ani. Bankin abinci na Masar ya yi suna wajen haɗa kai da otel-otel a kwashe abin da ya rage a wurin biki ba a taɓa ba, amma irin wannan aiki da agogo ake yinsa. Ku ɗauki shinkafa. Akwai bakteriya mai suna Bacillus cereus wadda ke shiga wani irin ƙoƙo mai tauri ta tsira daga dahuwa. In shinkafar ta huce a hankali ta kwana a waje, sai ta farka, ta hayayyafa, ta zuba guba. Ita wannan guba ɗumame ba ya karya ta. Masu kwashe ragowar shinkafar biki su kai wa almajirai washegari, da niyyar alheri, ya kamata su san wannan.

Zafi ɗaya ne daga cikin makaman. Ɗayan shi ne janye ruwa. Masana suna auna ruwan da ke sake a cikin abinci, wanda ƙwayoyi za su iya amfani da shi, a ma'auni daga 0 zuwa 1. Ɗanyen nama yana kusa da 0.99. Yawancin bakteriya masu cutarwa ba sa girma ƙasa da 0.91, kuma ƙasa da 0.6 ko funfuna ba ta tsirowa. Shanyawa tana fitar da ruwan, gishiri da sukari kuma suna ɗaure shi. Dalilin da kilishi da kauɗar tumatir da zuma suke daɗewa ke nan, kuma dalilin da ya sa kowane bankin abinci ya fi sha'awar busassun kaya.

Hatsi ma yana da iyaka. Masarar da za a adana ana so danshinta ya sauka zuwa kusan kashi 13 cikin 100. In ya fi haka, funfunar Aspergillus flavus tana iya kama ta, ko ta kama gyaɗa, ta bar gubar aflatoksin. Wannan guba tana lalata hanta, tana cikin abubuwan da ke jawo kansar hanta, kuma dahuwa ba ta kawar da ita. A 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a gabashin Kenya. Shi ya sa a sito mai tsari ba a jingina buhu da bango, ba a ajiye shi a kan daɓe, sai a kan katako, domin siminti yana tsotso danshi daga ƙasa.

Kayan lambu nasu lamarin daban ne, domin ko bayan an cire su suna da rai. Tumatir da alayyafo suna shaƙar oksijin, suna ƙona sukarin jikinsu, suna fitar da zafi da tururi. Duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin wannan numfashi sau biyu zuwa uku, kwanan kaya ya ragu daidai gwargwado. Wasu 'ya'yan itace kuma, irin su ayaba da tuffa da mangwaro da tumatir, suna fitar da wata iska mai suna etilin wadda ke hanzarta nuna. In aka jera su da kabeji ko latas, ganyen zai yi rawaya da wuri. Kuma ba komai ake sakawa a sanyi mai tsanani ba: ayaba tana baƙi, dankalin Hausa yana lalacewa. Babban banki yakan ware ɗakuna masu sanyi daban-daban saboda haka.

Ƙwari ba za su ɗauke mu lokaci ba, domin maganinsu a kusa da mu aka gwada shi. Buhun PICS, wanda masana Jami'ar Purdue suka samar tare da abokan aikinsu a Kamaru saboda wake, leda biyu ne masu kauri a cikin buhu na uku. In aka ɗaure kowace da kyau, ƙwarin suna cinye iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon maganin ƙwari a abincin mutane ba.

Rabo

Dokar fitar da kaya ita ce: wanda kwanansa ya fi kusa shi ke fara fita, ko da yau ya shigo. Tambaya mafi wuya kuwa, wa za a ba me?

Feeding America ta daɗe tana raba tirelolin da kamfanoni suka bayar ta hanyar layi: in layi ya zo kanka, abin da ya samu shi za ka karɓa. Sai ya zama ana iya aika dankali zuwa Idaho, jihar da ta fi kowace noman dankali a ƙasar. A 2005, da taimakon masana tattalin arziki na Jami'ar Chicago, cikinsu har da Canice Prendergast, aka sauya tsari. Kowane banki ana ba shi wasu maki, kamar kuɗin wasa, gwargwadon yawan jama'a da matalautan yankinsa. Sau biyu a rana ana gwanjon kayan da suka samu ta intanet, kowa ya taya abin da yake buƙata. Makin da aka kashe da rana, da dare a sake rarraba su ga kowa. Kayan da ba mai so, wanda ya yarda ya ɗauka har ƙarin maki ake ba shi. Abin da ya bayyana shi ne busassun kaya irin su taliya sun fi tsada nesa ba kusa ba, lemon kwalba da kayan da ke saurin ruɓewa kuwa arha. Hedikwata ta samu hanyar sanin abin da kowane yanki yake nema ba tare da ta yi hasashe ba.

Birtaniya tsarinta daban. A cibiyoyin Trussell Trust, wadda ta buɗe bankinta na farko a Salisbury a 2000, likita ko ma'aikacin jin daɗin jama'a ko makaranta ke ba mutum takardar shaida, ya kai ta a ba shi ƙunshin abincin kwana uku. Daga Afrilun 2023 zuwa Maris na 2024 sun raba irin wannan ƙunshi fiye da miliyan 3.1. Wuraren rabo da yawa yanzu sun daina ƙulla leda iri ɗaya ga kowa, suna jera kaya mutum ya zaɓa. Na fi ganin hikimar wannan. Mai ciwon sukari ya san abin da ba zai ci ba, Musulmi ya san abin da bai halatta gare shi ba, wanda ba shi da murhu ya san ɗanyen wake ba zai amfane shi ba. Abin da aka ɗora wa mutum ba ya so, bola zai sake komawa.

Nauyi kaɗai ba ya nuna an ciyar. Hukumomin agaji suna lissafin kalori 2,100 ga mutum ɗaya a rana, amma ana iya cika wannan da biskit da lemon kwalba, jiki ya rasa furotin da sinadarin ƙarfe da bitamin. Bankin da ya san aikinsa yana ƙidayar wake da ƙwai da ganyen da ya fitar, ba tan-tan kawai ba.

Iyakar abin da zai iya

Ku koma ga lambar farko da kuka rubuta. Daga cikin wancan abinci da aka zubar, kashi 60 a gidaje ne, 28 a wuraren cin abinci, 12 kacal a kantuna. Motar banki ba ta shiga kicin ɗin kowa. Kuma abin da yake samu ya dogara ne da rarar wasu, rarar kuwa ba ta bin yunwa. A 2020, lokacin korona, layin mabuƙata ya yi tsawo a Amurka daidai lokacin da masu saye suka kwashe kantuna, kyautar kantunan ta ragu. Bankin abinci yana tsallakar da iyali mako mai wuya. Albashin da bai kai ƙarshen wata ba kuwa, wannan aikin hukuma ne da masu ba da aiki.

A ƙasashenmu asarar ta fi yawa tsakanin gona da kasuwa. Wanda ya je Kwanar Gafan a jihar Kano lokacin da tumatir ya yi yawa ya ga kwandunan da na sama ya danne na ƙasa har ruwa na tsiyaya. Duk mai son kafa irin wannan banki a nan, in ya kwafi tsarin da ke jiran kyautar manyan kantuna da firizar da ke buƙatar wuta dare da rana, zai sha wahala. Wurin farawarsa bakin gona ne, da akwatunan roba maimakon kwando, da wurin shanya mai tsabta, da buhu mai hana iska. Akwai kuma dabarar da Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: tukunya cikin tukunya, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, ruwan yana tashi tururi yana janye zafi daga ta ciki. A Nijar ma an daɗe da bankunan hatsi na ƙauye, masu saye da kaka su sayar da rangwame ko su ba da rance lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Da yawansu sun durƙushe saboda bashin da ba a biya ba da rashin riƙe lissafi, wanda ke nuna littafin sito yana da muhimmanci daidai da ginin siton.

Aikin gida

Na ɗaya: tukunyar shinkafa tana da bakteriya 50 a kowane cokali da ƙarfe 2 na rana. In suna ninkawa duk minti 20, nawa za su zama da ƙarfe 6 na yamma? Ku nuna yadda kuka yi lissafin.

Na biyu gwaji ne. Ku sami kwalbar gilashi busasshiya mai murfi, da gishirin da aka shanya ya bushe ƙayau. Ku zuba masara ko dawa kusan kashi ɗaya cikin uku na kwalbar, ku ƙara gishiri cokali biyu, ku rufe, ku girgiza na minti ɗaya, ku bar ta minti 15, ku sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, danshin hatsin ya haura kusan kashi 15 cikin 100, bai isa shiga buhu ba. Ku gwada da hatsin gidanku da wanda kuka sayo a kasuwa, ku rubuta abin da kuka gani, ku zo da kwalaben aji mako mai zuwa.